Zogalen Yaya Mamou

An kawo Mamou garin Sabha ne, can ƙetaren hamada, domin ta huta. Haka ƙannenta uku suka riƙa faɗa a unguwar Mahdiya, ga wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Mijinta ya rasu a Tanout, ita ce kuma ta goye su su ukun bayan rasuwar uwarsu, saboda haka lokaci ya yi da za su saka mata. Ranar da ta sauka suka yi mata kyautar baho, na roba, shuɗi, ƙato. Na leƙo ta kan gajeriyar katangar da ta raba tsakar gidanmu da tasu, na ce a raina, tun da nake ban taɓa ganin katifa mai wannan siffa ba.

Ni maƙwabciyarsu ce. Na koyar da lissafi a lakwal a Damagaram har idona ya gaji, sannan ɗana direba ya ɗauko ni ya kawo nan. Aikina yanzu zama a gindin katanga, katangar kuwa ba ta da tsayin da za ta hana ni ganin abin da ba a so in gani.

Duk su ukun mutanen kirki ne, kada wani ya ce na ce ba haka ba. Ba mai shaye-shaye a cikinsu, ba mai fashin jam'i. Adamou, babba a cikin mazan, tsofaffin batiran mota yake fasawa da gatari a wata rumfa bayan gida, ya narka dalmar a tukunya ya sayar. Chékaraou yana sayen garin dutse daga masu dawowa daga ramukan zinariya, ya cuɗa shi da zaiba, ya matse a tsumma, ya ƙona ɗan dunƙulen a cokali har zinariyar ta fito. Sama'ilu, auta, feshin maganin ƙwari yake yi a gonakin Ghuddwa, ya dawo ƙarshen mako da buhun tufafi masu warin da ke sa kaji barin inuwa.

In sun tashi daga aiki, kowa ya kafa kai ya shanye kwalin madara, domin an ce madara tana wanke guba daga ciki. Wa ya ce? An ce. A unguwarmu "an ce" ya fi kowane likita yawan karatu. Bayan madara sai kowa ya tuɓe kayan aikinsa ya tara a ƙofar ɗakin Yaya. Ba wanda ya taɓa cewa ta wanke. Ajiyewa kawai suke yi.

Famfo a gidan ba ya zuwa sai wuta ta zo, wutar kuwa tana da nata lamurran. Don haka Mamou ba ta ɓarnar ruwa. Ruwa ɗaya take wanke kayan mutum uku da shi: na Sama'ilu da fari, sai tsummokaran Chékaraou, sai na Adamou a ƙarshe don sun fi baƙi. Mai gidan hayar, wani ɗan ƙasa da ake kira Hajj Abdallah, ya hana zuba ruwan wanki a lungu, wai yana ɓata masa gindin bango. Sai Mamou ta samo wa ruwan wurin zuwa. Ta taho da ƙwayoyin zogale daga Tanout, ƙulle a bakin zane, ta shuka a kusurwar tsakar gida. Duk ruwan da ya gama aikinsa a baho, can yake ƙarewa.

"Mamou," na ce da ita wata safiya, "wannan baƙin ruwan kike ba shi?"

"Malama, ruwa ai ruwa ne. Ƙasa tana tacewa."

"Wa ya gaya miki?"

"Kowa ya sani mana."

Abin haushi, zogalen ya yi kyau. Ya miƙe ya wuce katanga, ganye luf-luf. Mamou ta riƙa tsinka tana dafawa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙulin da ake kawo wa 'yan Nijar a kasuwa. Ƙannenta ba sa ci. Sun waye, sun koma makaroni da burodi mai kifin gwangwani, suna cewa ganye abincin mutanen ƙauye ne da awaki. Ita kaɗai take ci, safe da yamma. Sau ɗaya ta miƙo mini ta kan katanga. Na ce cikina ba ya son ganye, na ce ke ma ki rage. Ta yi dariya, ta ce shi kaɗai ne abin da ke tuna mata gida.

Ciwon ciki ne ya fara. Murɗawa yake yi har ta durƙusa a bakin bahon, ta dafa ƙasa, in ya lafa ta ci gaba da cuɗa. Ta ce bakinta kullum kamar ta tsotsi ƙusa. Fatar hannuwanta ta tsattsage. Adamou ya ce sauyin ruwa ne, kowane baƙo yana yi. Chékaraou ya ce tsufa ne, alhali na girme ta nesa ba kusa ba kuma ni cikina shiru yake. Sama'ilu ya fi su tausayi, ya sayo mata madara.

Daga nan sai rawar hannu. In ta ɗauko musu shayi, rabinsa a faranti yake ƙarewa. Ta fara mantuwa, ta tsaya a kan tabarmar salla tana tambayata ta kan katanga ko ta yi la'asar. Matar da na sani da fara'a ta koma mai kuka ba dalili. A nan ra'ayin mazan ya zo ɗaya: kewar miji ce. Suka tausaya mata ƙwarai, suka ce ta rage tunani, aiki ma yana ɗebe kewa.

Ni ba likita ba ce, amma ina da ido, kuma na san tarawa. Na tare Adamou a bakin rumfarsa.

"Adamou, wandon nan naka da Mamou ke wankewa, me ke jikinsa?"

"Ƙura ce kawai, Hajiya."

"Ƙurar me?"

"Ta dalma. Amma kaɗan ce. Ni da nake tsaye kan tukunyar tun safe, ga ni garau. In akwai abin tsoro a gidan nan, zaibar Chékaraou ce. Ni ko kusa da cokalinsa ba na zuwa."

Na sami Chékaraou yana auna wani abu da ba ya kai ƙwayar gero ba.

"Haba Iya," ya ce, "zaibar da nake aiki da ita gaba ɗaya ba ta cika murfin kwalba ba. Abin da ya rage a tsumma kuwa ido ma ba ya gani. Ki je ki tambayi Sama'ilu, shi da ke kawo mana maganin da ke kashe fara a sama."

Sama'ilu ya rantse da Allah nasa mai rajista ne, har da hoton tumatir a jikin bidon, jarkar da maganin ke zuwa a ciki.

"Sirkawa ake yi, Hajiya. Murfi ɗaya a tanki guda. Kuma kafin in iso daga Ghuddwa kayan sun bushe, ƙarfinsa ya tafi. Ki dubi hayaƙin Yaya Adamou dai."

Kowannensu ya san gubar ɗan'uwansa ciki da bai, tasa ce kawai ya rasa labarinta. Na ce da Sama'ilu, kaɗan da kaɗan da kaɗan nawa ke nan? Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi, ya ce Hajiya har yanzu ba ta bar lakwal ba.

Ana nan sai maƙwabta suka kai ƙarar hayaƙi wurin Hajj Abdallah. Ya zo da wani ɗan ƙanensa, saurayi mai farar riga, wanda aka ce ya yi karatun kula da muhalli. Na ji daɗi. Na ce yau za a yi ta ta ƙare. Saurayin ya duba rumfar Adamou, ya ce wannan ai ba ta kai a kira ta masana'anta ba, a ɗaga bututun hayaƙin sama kaɗan. Ya duba cokalin Chékaraou, ya yi dariya, ya ce ya riƙa buɗe taga. Da aka zo kan Sama'ilu ya ce aikinsa a Ghuddwa yake, ba a gidan nan ba, saboda haka ba ya cikin abin da aka kira shi ya duba. Ɗaya bayan ɗaya ya bi su, kowa ya fita tas. Da zai tafi ya tarar da baho a kan hanya, Mamou sunkuye a kai, hannu cikin ruwa har gwiwar hannu. Ya nuna mata da yatsa ta ja shi gefe kada ya ɓata masa takalmi. Ta ja. Wurin da aikin mutum ukun yake haɗuwa ke nan a duk faɗin gidan, kuma shi kaɗai ne masanin ya tsallake.

Aka ɗaga bututun. Hayaƙin ya daina shiga ɗakin maƙwabta, ya koma sauka kan zogale.

Wata ranar Talata na ji tsit a tsakar gidansu, ba ƙarar cuɗa. Na leƙa na ga Mamou zaune, ta ɗora hannun dama a cinya, ya lanƙwashe daga wuyan hannu kamar ganyen da rana ta buga. Tana kallonsa tana ce masa ya tashi.

"Malama, ya ƙi."

Wannan karon suka yarda a je asibiti, domin wankin ya taru. Sama'ilu ya kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi a Gurda, ni kuma na bi su a matsayin 'yar rakiya. Likitan mutum ne mai natsuwa. Ya dubi hannun, ya dubi dasashinta, sannan ya yi tambaya da Larabci. Larabcina na sayen albasa ne, amma na gane kalmar aiki. Sama'ilu ne tafinta.

"Me ya ce?" na tambaya.

"Wai wane aiki take yi."

"To gaya masa."

Ya juya ga likita ya yi magana, har da dafa ƙirji. Na ce me ka ce masa?

"Na ce ba ta aikin komai. Zaune take a gida, mu muke ciyar da ita."

Kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. A wurinsa wanki ba aiki ba ne, wani abu ne da ke faruwa da tufafi tsakanin dare da safiya. Na ce gaya masa batir, gaya masa zaiba, gaya masa feshi. Na gwada da Faransanci, likita ya girgiza kai. Sama'ilu ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Hajiya, ki rufa mana asiri. Ba mai takardar zama a cikinmu. In maganar nan ta fita, rumfa za a rufe, mu kuma a kwashe mu. Wa zai ciyar da ita?"

Likita ya tambaye shi me tsohuwa take cewa. Ya ce godiya take yi. Muka fito da ƙwayoyin ƙarin jini da shawarar ta huta.

Da muka kusa gida Mamou ta juyo gare ni.

"Malama, wancan abin da kika ce game da ruwan. Ƙasar ba ta tacewa ko?"

"Ban sani ba ko tana tacewa, Mamou. Na dai san ba wanda ya taɓa tambayar ta."

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, su ukun suna gida. Mamou ta roƙe ni in tsinko mata zogale, in taya ta kwaɗawa, don hannu ɗaya ba ya yi. Na ce ba kin daina ci ba? Ta ce ba nata ba ne. Ta sa na zuba a babban tire, aka yanka albasa da tumatir a kai, ya yi kyau kamar na suna. Ta tura shi da ƙafa har gaban ƙannenta, ta zauna.

"Bismilla."

Suka dubi juna.

"Yaya, kin san ba ma cin ganye," in ji Adamou.

"Kun ci a Tanout. Kai har kuka kake yi in ya ƙare. Ku ci. Da ruwan wankinku na shayar da shi, tun yana tsiro."

Chékaraou, wanda ya riga ya miƙa hannu don kunya, ya janye shi a hankali ya sa a aljihu.

"Chékaraou, ba ka ce taka ido ma ba ya gani ba?"

"Tawa ba komai, Yaya. Amma akwai dalmar Adamou a ciki."

"Dalmata?" Adamou ya taso. "Dalma nauyi gare ta, ƙasa take nutsewa. Maganin wannan yaron ne ke bin jijiyar itace. Aikinsa ke nan!"

"Ni nawa sirkakke ne! Ku naku fa, da wuta kuke dafa shi!" in ji Sama'ilu.

Suka kaure. A ranar na ji ilimin da ban taɓa ji a lakwal ba. Adamou ya bayyana yadda zaiba ke sa rawar jiki da mantuwa, har ya ba da labarin wani mutumin Agadas da ta haukatar. Chékaraou ya san dalma tana kashe wuyan hannu, ya taɓa gani a wurin wani mai batir. Sama'ilu ya san duka biyun. Ashe ba jahilci ne ya hana su magana ba tuntuni. Tiren yana tsakiya, ƙuda ne kaɗai ya yi bismilla.

Mamou ta bari sai da suka gaji. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Loma ɗai-ɗai fa na ce. Kaɗan ne. Ga madara nan in kun gama."

Ba wanda ya ci.

Na koma gida ina cewa to, yau kam gaskiya ta shiga gidan nan. Ta shiga kuwa. Mazan suka yi shawara a tsakaninsu, suka gano mai laifi, washegari da safe Adamou ya ɗauko gatarin batir ya sare zogalen daga tushe. Chékaraou ya ce tun farko bai yarda da itacen nan ba. Sama'ilu ya ce da Yaya ta bi su cin makaroni da duk wannan bai faru ba. Mamou tana tsaye a ƙofar ɗaki tana kallo aka ja shi waje. Ba ta yi kuka ba. Ta ce a bar mata ko reshe ɗaya, aka ce don lafiyarta ake yi.

Da yamma kayan wanki suka dawo ƙofarta.

"Adamou, ba ka ga hannunta ba?" na ce ta kan katanga.

"Mun gani, Hajiya, mu ba azzalumai ba ne. Ba mu ce ta cuɗa ba. Ta zuba a baho ta tattaka kawai. Ƙafafunta ai lafiyarsu lau, motsa jiki ma ne."

Haka aka yi. Na riƙa ganin matar da ta goye su tsaye cikin shuɗin baho, ta jingina kafaɗa da bango, tana tattaka wandunansu kamar mai kwaɓa ƙasar gini. Ruwan kuma, tunda ba zogale, a nan kusurwar ake zuba shi, ya kwanta, ya bushe, iska ta ɗebo ƙurar ta kai ɗakin da ya fi kusa. Ba sai na faɗi ɗakin wa ba ne.

Na ce ta dawo ɗakina. Ta ce me za a ce a Tanout, mace da ƙanne uku maza ta kwana gidan maƙwabta? Na ce a ce abin da za a ce. Ta ce Malama, ke kin yi boko.

Hannun hagu ya bi na dama kafin zafi ya wuce. Tafin ƙafarta ya tsage, ya ƙi warkewa. Ranar da ta zame a cikin bahon ta kasa tashi, sai da na kira matan lungu muka ciro ta, a ranar ƙannenta suka gano cewa iskar Sabha ba ta karɓe ta ba. Gida ya fi mata. Can akwai dangi, akwai mata, akwai masu kula.

Motocin da ke ratsa hamada zuwa Agadas a buɗe suke. Ana kafa sanduna a gefen bodi, fasinja ya zauna a kan kaya, ya sa sanda tsakanin cinyoyinsa, ya rungume ta da hannu biyu. Wanda ya saki, ya faɗi. Direban ya dubi hannuwan Mamou ya ce wannan ba za ta iya riƙewa ba. Chékaraou ya tambayi kujerar gaba, ya ji abin da ake biya, ya ce iskar baya ta fi lafiya. Sai aka kwance ɗaya daga cikin zannuwanta, aka zagaya bayanta, aka ɗaure ta da sandar. Adamou ne ya ja ƙullin, ya ja da kyau, don shi mutum ne mai kula da 'yar'uwarsa. Kowannensu ya kawo mata guzurin madara. Ba wanda ya yi tunanin da wane hannu za ta buɗe.

Na matsa kusa na ce ta yafe mini. Ta ce ba komai tsakaninmu sai alheri. Sannan ta ce, "Malama, in kututturen ya tsiro, kada ki bari yaran lungu su tsinka."

Mota ta tashi. Sama'ilu ya share hawaye, na gaske. A hanyar komawa gida suna gaya wa mutane cewa Allah ya sani ba wanda ya taɓa ɗaga mata hannu ko murya a cikinsu. Gaskiya suka faɗa. Ku kai su gaban kowane alƙali, ɗaya bayan ɗaya, za su fita tas kamar yadda suka fita a gaban mai farar riga. A ce Adamou ya kashe mata hannu? Da 'yar ƙurar wando? A ce Chékaraou? Da abin da ido ba ya gani? Laifin ya rabu uku, kowane kashi ya yi ƙanƙantar da ba ya da suna. Jikin da aka tara shi a ciki ne kawai ba a raba uku ba.

Labarin da ya zo daga Tanout shi ne ta isa da rai, wata jikar mijinta ce ke ba ta abinci a baki.

Yanzu su ukun kowa shi ke wanke kayansa. Ina kallonsu ta kan katanga ranar Juma'a da safe. Shuɗin bahon yana kife a kan rufi, ba mai taɓa shi. Kowa ya sayi bokitinsa, kowa da kusurwarsa, kuma in ruwan wani ya gangaro wajen wani sai ka ji ihu kamar an ga maciji. Duk su ukun sanye da safar hannu ta roba, doguwa har gwiwar hannu. Na tambayi Adamou inda suka samo.

"Shagon bakin lungu, Hajiya. Ai tuntuni yana sayarwa."